Rai Ukun Ya Kyari

Kakata ba ta buɗe tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi suke yi. Da an idar da sallar magariba za ta jawo kaskon gawayinta tsakar gida, ta barbaɗa masa turaren wuta don ya danne ƙaurin bandar da ya kama zanenta, sannan ta bugi gwiwarta ta ce, "Na kwance jirgi, wa zai shiga?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To a gyara zama, ba na sauke kowa a tsakiyar ruwa." Shi ke nan, an fara.

Haifaffiyar bakin Tafkin Chadi ce, ta tsufa tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Gidanmu a Dala yake, mu huɗu: ita, da Mama, da yayana Kyari, da ni Yagana. Babanmu ciwon ciki ne ya ɗauke shi tun gari yana zaune lafiya. Na biyar a bakin kaskon shi ne Ishaku, sa'ana, ɗan maƙwabcinmu malamin makaranta, mutanen kudancin Borno. Ta katanga yake diro mana, don a shekarun nan dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba take kulle mutane a gida. Saboda shi Kaka take ajiye Kanuri ta yi mana da karkatacciyar Hausarta, kuma kaiconka idan ka yi mata dariya.

Babu wutar lantarki, an hana acaɓa, titi ya yi tsit. Wani lokaci muna tsakiyar labari sai a fara ɓarin wuta daga can bayan unguwa. Kaka ba ta tsayawa. Ɗaga murya kawai take yi, ta jawo ni jikinta, ta ci gaba kamar ruwan sama ne yake dukan kwano.

Abin da ya raba tatsuniyarta da ta kowa shi ne ba ita kaɗai take tuƙa ta ba. Idan mai labarin ya iso inda hanya ta rabu, sai ta yi shiru, ta nuna ɗayanmu da tsinken tonon gawayi ta ce, "Dama ko hagu?" Abin da ka zaɓa shi za a bi. Idan ka zaɓa daidai, labari ya ci gaba har gobe. Idan ka yi wauta, mutum ya mutu a hannunka, kuma ya mutu ke nan. Gobe wani labarin za ta ɗauko, da wasu mutanen.

Ni na taɓa kashe wata yarinya. Ta je ɗibar ruwa ta ga gungume a bakin gaɓa, Kaka ta ce ta taka ko ta kewaye. Ni da rawar kai na ce ta taka. Ashe kada ne. Wallahi na yi kuka har da shessheƙa, na kama ƙafar Kaka ina roƙon a koma baya.

Ta ce, "A koma ina? Kada ya taɓa ce miki yi haƙuri, mu sake? Share majinarki. Gobe ki buɗe ido kafin ki buɗe baki."

Ya Kyari ne kaɗai yake ja da wannan doka. Ya gama sakandare yana jiran sakamako, dogo ne siriri, mai tafiya yana ɗan karkata kafaɗar hagu. Abu biyu suka cinye masa kai, fim da gem, wato wasan kwamfuta. Kafin mai gidan kallon unguwarmu ya rufe ya gudu, Ya Kyari ya haddace wasu finafinan Turawa masu kashi-kashi, na wani jarumi mai tabo a goshi da ke yawon duniya da igiya a kafaɗa yana neman biranen da ƙasa ta haɗiye. Mu Mai Igiya muke ce masa. Burin yayana a duniya shi ne ya mayar da Mai Igiya gem, wanda mutum zai riƙe a hannu ya riƙa juya shi da kansa. Bai taɓa mallakar kwamfuta ba. Kwalayen kifin Kaka yake farkewa ya zana a cikinsu da gawayi da biro: ga ramin da za a tsallake, ga ƙofar da ba ta buɗuwa sai da dabara. A saman kowane kwali yakan zana zuciya uku.

Kaka ta ce, "Maigida, waɗannan tumatirin fa?" Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika.

"Ba tumatir ba ne, Kaka, rayukansa ne. Idan ya faɗa rami ɗaya ta tafi, ya sake farawa daga inda ya tsaya."

"Rai uku? La'ilaha! A wace kasuwa ake sayar da su, in je in saro?"

"Haka gem yake. In ba haka ba wa zai buga?"

"To gem ɗinka maƙaryaci ne. Kawo mini baturen naka nan, in ga ko zai kwana biyu a tafki."

Haka aka ƙulla. Ya Kyari ya ba ta labarin finafinan kaf, yana tsalle yana kwaikwayon faɗa, ita kuma ta karɓi jarumin ta yi masa wankan tsarki. Ta tuɓe masa takalma ta miƙa masa gorar tuƙin jirgi, ta raɗa masa suna Mala. Da ta ji zinariya yake nema sai ta yi tsaki. Ta ce namijin da zai bar uwarsa a gida ya tafi neman zinariya ba abin ba da labarinsa ba ne.

Ga yadda nata ya kasance. An yi yunwa a wani ƙauyen bakin tafki har mutane suka cinye irin da suka ajiye don shuka. Irin dawar masakwa bai rage ko'ina ba sai a rumbunan wani tsohon gari da ruwa ya dawo ya rufe tun zamanin kakanni. Mala ya kwance jirginsa ya tafi nemo shi, uwarsa tana tsaye a gaɓa. Hanyar ta bi ta cikin tsibiran ciyawa masu yawo, waɗanda iska ke turawa, ka wuce ta wata kafa ka waiga ka ga ta rufe. Ya gamu da dorina mai ɗa. Ya sauka a wani tsibiri inda masunta suka tare shi da fara'a da gasasshen kifi.

Ya Kyari ne mai zaɓi a wannan labarin, mu 'yan kallo ne. Kai, ban taɓa ganin mai taka-tsantsan irinsa ba. Ba ya amsawa sai ya yi wa Kaka tambayoyi kamar alƙali. Daga ina iska take busowa? Dorinar tana tsakaninsa da ɗanta ne ko tana gefe? Masuntan nan, da rana ta haska su, akwai inuwarsu a ƙasa? Kaka ta ce babu. Ya ce to Mala ya gode, ya ƙoshi. Kaka ta yi guɗa a hankali ta yi masa sannu da Kanuri, ta ce, "Wushe, maigida! Wannan kan naka ba na ɗaukar kwali ba ne." Washegari zai zana abin da aka wuce a sabon kwali, da zuciyoyinsa uku a sama, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Labarin ya daɗe fiye da duk wanda ta taɓa yi mana. Mala ya nutsa ya samo irin, ya cika gora ya ɗaure a ƙugu, ya juyo gida. Sai ya iso bakin ciyawa ya hango sararin ruwa, ƙauyensu na can ƙetare. Kaka ta ce a sararin nan akwai masu mashi a cikin jirage, suna kama wanda suka gani. Idan kuma ya laɓe cikin ciyawa ya jira, akwai mafarauta da ke cinna mata wuta ba sa tambayar wa ke ciki. Ta nuna shi da tsinke. "Ya fita ko ya laɓe?"

Ya yi tambayoyinsa, amsa ba ta yi masa daɗi ba. Ya ce, "Kaka, ki ba ni zuwa gobe."

Goben ba a yi tatsuniya ba. Da hantsi wani abu ya fashe a bakin titi, har ƙasa ta zubo daga rufin ɗakinmu. Kafin azahar motocin jami'an tsaro sun shigo layin bayanmu sun kwashe duk saurayin da suka samu, har da ɗan tela da aka fito da shi da dutsen guga a hannu. Dama kuma 'yan bindigar da ke daji sun fara bin gidaje suna neman samari, wanda ya ƙi bin su an san sauran. Saurayi a Dala a lokacin ba shi da gefen da zai jingina.

Da magariba muka zauna a bakin kasko, ba turare. Kaka ta ce a ɓoye Ya Kyari a ɗakinta bayan kwalaye har ƙura ta lafa. Mama ta ce yaushe za ta lafa? Ta ce ya tafi Kano wurin ƙaninta, ko dako ne ya yi, ita dai ta san yana numfashi. Kowa ya san abin da ake yi wa matafiya a hanyar Damaturu, ba wanda ya faɗa.

Kaka ta ce, "Maigida, kai za ka zaɓa."

Ya zaɓa yadda ya saba. Ya tambayi wace mota aka fi tarewa, ta sassafe ko ta rana. Ya ce zai jira ayari, ba zai shiga motar da ke tafiya ita kaɗai ba. Ya ware tufafin da ba za su sa a ɗauke shi ɗan wannan ko ɗan wancan ba. Sannan ya dubi Mama, Mama ta ce, "Ka tafi, Kyari. Ni na ce ka tafi." Da safe ya tafi. Ya ce in kula masa da kwalayensa kada akuya ta ci.

A lokacin an yanke layin waya a garin gaba ɗaya. Muka yi ta zama muna cewa ai ya isa, ai yana can yana cin gurasa. Sai da wani ɗan kasuwa ya zo daga Kano da saƙon kawu yana gaishe mu, yana tambayar Kyari ya samu sakamakonsa kuwa. Mama tana tankaɗe, ta ajiye rariyar a hankali ta shiga ɗaki. An bi tasha, an bi asibitoci, an bi duk inda ake tsare mutane. Wani direba ya ce an tare ayarin, wani ya ce ba ranar ba ce. Ba gawa, ba sallah, ba zaman makoki. Har na riƙa jin mata suna cewa babanmu ya yi sa'a, shi ya samu likkafani.

Na ɗauka an gama tatsuniya a gidanmu. Amma wata magariba Kaka ta jawo kasko ta bugi gwiwa, muryarta a dishe, ta ce ta kwance jirgi. Ni da Ishaku muka matso. Ba ta nuna kowa da tsinke ba. Ita ta zaɓa wa Mala, ta ce ya laɓe cikin ciyawa. Ya laɓe, wuta ta taso ta gabas, hayaƙi ya rufe shi. Sai ta girgiza kai ta ce, "A'a. Ba haka aka yi ba. Mu koma bakin ciyawa."

Ishaku ya ce, "Kaka, ai kin ce ba a komawa."

"Rufe mini baki, ɗan nema! Jirginka ne ko nawa?"

Daga ranar ba mu sake jin wani labari ba sai wannan. Kullum Mala yana bakin ciyawa da gorar iri a ƙugu. Yau ya fita da asuba cikin hazon ruwa. Gobe ya kifar da jirgi ya shiga ƙarƙashinsa. Jibi ya bi ayarin masunta, gata ya yi shigar mata. Kowace dabara sai ta kai shi har inda yake hango uwarsa a gaɓa, daga nan sai mashi ya taso, ko igiyar ruwa, Kaka ta ɗaga hannu ta ce a koma. Ta kasa kashe shi. Ta kuma kasa kawo shi gida, domin tsohuwar ko a tatsuniya ba ta iya faɗin abin da ba ta yarda da shi ba. Na tsani waɗannan maraice, in faɗi gaskiya. Ina zaune ne kawai don kada ta yi ta magana ita kaɗai. Mama ba ta taɓa fitowa ta zauna ba, amma labulen ɗakinta a ɗage yake.

Su Ishaku suka tattara suka koma Jos. Kaka ta daina zuwa kasuwa, dama kifin ya daina zuwa daga tafki. Zazzaɓi ya kwantar da ita a wata damina, ta rasu Mala yana bakin ciyawa.

Ina yarinya na ɗauka abin da take koya mana shi ne mutum ya buɗe ido, ya yi tambaya, ya zaɓa da hankali, sai ya tsira. Ita ma na san haka ta yi imani, da shi ta rayu a bakin ruwa. To Ya Kyari ya buɗe ido. Ba abin da ya bari. Samarin layinmu da suka laɓe su ma an zo an kwashe su bayan tafiyarsa, kaɗan ne suka dawo. Na juya maganar nan shekara da shekaru ina neman inda aka yi kuskure, don in samu wanda zan ji haushi, ko da shi ne, ko da Mama ce. Babu. An ba yaro hanya biyu ne duk ba sa ɓullewa, aka ce ya zaɓa. Wannan ne ya karya Kaka, ba tsufa ba, kuma ni ma ban warke ba.

Na karanta kwamfuta a jami'a, ba sai na faɗi dalili ba. Da muka sake haɗuwa da Ishaku ta waya, ashe shi ma hanyar ya bi. Muka ce mu gina gem ɗin. Gara ta cinye yawancin kwalayen, sauran na cike daga ka. Mai Igiya yana da masu shi, ba ma iya ɗaukarsa ba izini, don haka Mala na Kaka muka ɗauka da gorarsa, muka bar masa igiyar kawai. Ni nake zane da motsi, Ishaku yake haɗa injin. Mun yi faɗa a kan rayuka. Na ce ɗaya, kamar yadda Kaka ta kafa. Ya ce, "Yagana, wace Kakar? Ta farko ko ta ƙarshe?" Na kashe wayar. Da na huce na ce ya sa zuciyoyin uku, in sun ƙare a sake cika su.

Mun gama dorina, mun gama tsibirin marasa inuwa, mun gama rumbunan ƙarƙashin ruwa. Sararin ruwan nan ne ya gagare ni. Ishaku yana ta cewa ba wanda zai buga gem ɗin da ba a cinyewa, in zana masa isowa gida mu huta. Na sha buɗe kwamfutar in rufe.

Ran nan bayan la'asar ina gwada farkon wasan a wayata, Mama tana gefe tana tsince shinkafa. A farkon, Mala yana fitowa ne daga bukkar uwarsa ya tsaya a ƙofa, tafki a gabansa. Ban san tana leƙe ba sai da ta ce, "Wannan kafaɗar Kyari ce." Wallahi ban san na yi masa ita ba.

Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar. Matar da ko lambar waya sai an danna mata.

"In na taɓa nan fa?"

"Zai tafi wurin jirgi."

"Nan kuma?"

"Zai yi tsalle."

"To ina wanda ake dannawa ya koma ɗaki?"

Na ce babu. Na ce wasan ba ya farawa sai ya tafi.

Ta daɗe tana kallonsa. "In ban taɓa komai ba fa?"

"Haka zai yi ta tsayuwa."

Mun yi shi ne yadda idan an bar shi ba ya daskarewa. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ya sauya ƙafa, ya sosa wuya, ya dubi ruwa, ya waigo. Mama ta jingina wayar da fulas ɗin shayi, ta ture faifan shinkafa gefe. Can hasken wayar ya fara dusashewa, ta yi wata irin zabura ta riƙe mini hannu. Na taɓa gilashin ya dawo, na gyara yadda ba zai ƙara mutuwa da kansa ba.

Na ce, "Mama, caji zai ƙare, kuma ba wuta. Kawo in kai shago."

Ta ce, "Ba inda za ki kai shi. Ɗauko batirin sola ki kawo nan."

Na ɗauko na jona. Washegari na je kasuwa na sayi wata wayar, na gaya wa Ishaku ya nemi wani aikin ya riƙa yi. Waccan tana ɗakin Mama a kan akwati. Takan yi sallah ta shafa, ta juyo ta duba shi, in ta ga ya waigo sai ta ce masa, "Zauna abinka, ba inda za ka."